Mai dokar barci: shin malaman Hindu na da sharaɗin aiki kafin wa'azi?

Malam Na-Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya da ake zancen Asaram, malamin Hindun nan da kotu a Jodhpur ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2018 saboda yi wa yarinya 'yar shekara 16 fyaɗe, wani ya rubuta cewa su dama addininsu bai ɗora wa mai wa'azi sharaɗin komai ba, duk wanda ya tara gemu ya yafa mayafi ya zama guru. Na ƙyale a lokacin don rai ya ɓaci. Amma zancen ba haka yake ba, kuma ƙin abu ba ya halatta a yi masa ƙage.

A cikin Hindu masu bautar ƙauna, wadda suke kira bhakti, da wuya ka sami ƙa'idar da suke nanatawa kamar wannan: wanda bai aikata ba, ba ya koyarwa. Ku ɗauki Caitanya, mutumin Bangal da aka haifa a Nabadwip a 1486, ya rasu a Puri a 1534. Yana ɗan shekara 24 ya bar gida da mata ya shiga gudun duniya. Mabiyansa sun yi imani cewa shi abin bautarsu Kirishna ne da kansa ya zo a rigar mai bauta, kuma dalilin da suke bayarwa na zuwan nasa shi ne abin da ya shafe mu: wai ya zo ne ya yi bautar da kansa don mutane su gani, domin addini ba ya koyuwa daga bakin wanda ba ya yin sa. Suna kafa hujja da littafin Gita, babi na 3 baiti na 21, inda aka ce abin da babba ya aikata shi talaka ke bi. Almajirinsa Rupa Goswami kuma ya buɗe ɗan littafinsa mai baiti 11 da sharaɗi: sai wanda ya iya riƙe abu 6, wato magana, zuciya, fushi, harshe wajen ɗanɗano, ciki da al'aura, shi ne ya cancanci ya tara almajirai. To ina rashin sharaɗi a nan?

Ustaz Gombe:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni tambayata ɗaya: me za mu ƙaru da shi a wajen masu bautar gumaka? Muna da aya ta 44 a Baƙara, muna da farkon Suratus Saffi, muna da hadisin Usama bin Zaid na mutumin da hanjinsa zai zubo a wuta yana kewaya shi kamar jakin niƙa, don ya yi umarni da abin da bai aikata ba. Bai ishe mu ba?

Admin:
Ustaz, tun kafa zauren nan muka yi yarjejeniya: sanin abin da wasu ke yi daban, yarda da shi daban. Wanda ke da gyara a kan tarihi ya kawo. A ci gaba.

Ɗan Odisha:
Baba Na-Fagge ya taɓo inda na zauna. A Bhubaneswar na yi karatun harhaɗa magunguna, Puri kuwa tafiyar da ba ta kai awa 2 ba ce a mota. Babban ɗakin bautar Jagannath ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga, an rubuta a ƙofa, don haka iyakata waje. Amma akwai wani gida can gefe, a cikinsa akwai ɗan ɗaki da suke kira Gambhira, inda Caitanya ya yi shekarunsa 12 na ƙarshe. Ta wata 'yar taga ake leƙawa. Wallahi ɗakin bai kai shagon mai cajin waya ba. Abin da aka ajiye a ciki da sunan nasa ne: takalmin katako, butar ruwa, da wani tsohon bargo. Mutumin da sarkin ƙasar, Prataparudra, ya yi ta neman ya ba shi izinin ganinsa yana ƙi, don a ganinsa mai gudun duniya ba shi da harka da fada.

Labarin da abokan karatuna suka fi ba ni shi ne na tururuwa. Wani dattijo mai suna Ramacandra Puri, mai yawan neman laifin mutane, ya shiga ɗakin Caitanya da safe ya ga tururuwa na yawo. Sai ya ce lallai jiya an sha zaƙi a nan, ga mai gudun duniya da kwaɗayi. Kowa ya san tururuwa ba ta neman izini kafin ta shiga ɗaki. Amma Caitanya bai yi musu ba, ya kira mai yi masa hidima ya ce daga yau a rage masa abinci ƙwarai. Almajirai suka yi ta kuka suna roƙo, da ƙyar ya yarda ya koma cin rabin abin da ya saba. Haka kuma da almajirinsa Jagadananda ya ɗauko masa tulun man sandal mai ƙamshi tun daga Bangal, ya ce a kai ɗakin bauta a zuba a fitilu, in ya shafa ya fita mutane za su ce wannan ai da mata yake hulɗa. Jagadananda ya fusata ya rotsa tulun a tsakar gida, ya kulle kansa a ɗaki kwana 3 bai ci ba, sai da Caitanya ya je da kansa ya ce tashi ka dafa mini abinci.

Maman Khalil:
Ƙanena, labaran sun yi daɗi, amma ka lura da abu ɗaya a cikinsu duka biyun? Ba a ce man haramun ne a kansa don yana cutar da shi ba. Cewa ya yi "mutane za su ce". Tururuwar ma ƙarya aka yi masa, amma ya rage ci don bakin mutane. To wannan aiki da ilimi ne ko kiyaye suna?

Malam Na-Fagge:
Hajiya, duka biyun ne, kuma su ba sa ɓoye hakan. A wajensu malami ba shi da rayuwar sirri da ta rabu da darasinsa. Akwai misalin da Ramakrishna ke bayarwa, wani malamin Hindu da ya zauna a Dakshineswar kusa da Kalkata ya rasu a 1886. Mara lafiya ya zo wajen likita daga nesa, likita ya duba shi ya ce ka dawo wata rana. Da ya dawo sai ya ce masa maganinka ka daina shan mazarƙwaila. Wani da ke zaune ya ce haba likita, wannan 'yar maganar ce ka sa bawan Allah ya sake wannan doguwar tafiya? Likita ya ce ran nan akwai tukwanen mazarƙwaila a ɗakin nan, da na hana shi zai ce a ransa ai shi ma likita yana sha, ashe ba ta da wata illa. Yau na kawar da su, zai yarda da maganata. Irin wannan labarin ne ake yawo da shi da sunan Gandhi da yaro mai shan sukari, amma na Ramakrishna almajirinsa ya rubuta shi daga bakinsa.

Maman Khalil:
Malam, ka ba ni wuƙa da nama. Likitan nan bai daina shan mazarƙwaila ba fa. Ɓoye tukwanen ya yi! Mara lafiya ya tafi da yarda, likita ya koma ɗakin ciki ya buɗe tukunya. Ai wannan shi ne Asaram. Shekara da shekaru yana wa dubban mutane wa'azin kame kai daga sha'awa, sanye da fararen kaya, tukwanensa na ɗakin ciki. Ni ba na musun cewa ƙa'idar tana cikin littattafansu. Tambayata ita ce wa ke shiga ɗakin ciki ya duba?

Anti Saratu:
Maman Khalil kin burge ni. Mu a Linjilar Matiyu sura 23, Yesu ya ce wa jama'a game da malaman Attaura su yi abin da suka faɗa amma kada su bi aikinsu, don suna faɗa ba sa yi. Kuma Bahaushe ma na cewa a bi malam a faɗarsa, ba a aikinsa ba. Shin Hindu ba su da irin wannan mafita? Domin ita ce ke ceton almajiri ran da malam ya faɗi.

Malam Na-Fagge:
Anti, a nan ne bambancin yake, kuma shi ya sa faɗuwar guru ta fi ciwo. A bhakti ba bayani kawai kake karɓa daga guru ba. Shi ke raɗa maka kalmomin da za ka riƙa ja a carbi, shi ke sa maka sabon suna, ana ɗaukarsa ƙofar da ka bi ka shiga. Ana wanke ƙafarsa, ana ajiye hotonsa a wurin bauta na gida. In ka ce a bi faɗarsa a bar aikinsa, ka rushe ginin, tunda aikin nasa shi ne rabin abin da ka zo koya. Tukaram, mawaƙin Maharashtra na ƙarni na 17, ɗan kasuwa ne da fari ya karya, an san shi da cewa wanda tafiyarsa ta yi daidai da maganarsa shi ne ya cancanci a durƙusa a gaban ƙafarsa. Ka juya maganar ka ga abin da take nufi ga wanda tafiyarsa ta saɓa.

Ustaz Gombe:
Tunda Admin ya hana ni waccan, bari in shigo ta wata ƙofar. Ko a wajenmu malamai ba su ce sai ka zama ma'asumi za ka yi wa'azi ba. An ruwaito daga Sa'idu bin Jubair cewa da sai marar laifi ne zai yi umarni da kyakkyawa ya hana mummuna, da babu mai yi. Wajibi biyu ne, barin ɗaya ba ya sauke ɗayan. In su Hindu sun ce sai ka gama riƙe abu 6 ɗin nan, to ko dai kowa ya yi shiru, ko kowa ya yi ƙaryar ya gama. Na biyun kuwa shi ya fi sauƙi.

Ɗan Odisha:
Ustaz, abin mamaki su ma suna da wannan ɓangaren, kuma daga bakin Caitanyan dai. Lokacin da ya yi tafiyarsa ta kudancin Indiya, wani magidanci mai suna Kurma ya ce zai bar iyalinsa ya bi shi. Ya hana shi. Ya ce zauna a gidanka, duk wanda ka haɗu da shi ka gaya masa koyarwar Kirishna, da umarnina ka zama guru a garinku. Mutumin da suka yi kwana ɗaya tare! Bai ce masa jira sai ka kammala ba.

Sannan akwai Ramanuja, babban malamin ƙasar Tamil. Ana ba da labarin cewa sai da ya yi tattaki sau 18 zuwa Tirukoshtiyur kafin malaminsa ya ba shi wasu kalmomin sirri, da sharaɗin kada ya faɗa wa kowa, in ya faɗa wuta ce makomarsa. Yana fita ya hau saman ɗakin bautar garin ya shelanta wa kowa. Da malamin ya tuhume shi, ya ce in mutum ɗaya zai shiga wuta jama'a su tsira, ya yarda. Har yau yabonsa suke yi a kan wannan.

Malam Na-Fagge:
Madalla da ɗana. Ni yadda na fahimci haɗin biyun: ba kammala ake nema ba, daidaito ake nema. Kurma magidanci ne, abin da aka ce ya koyar shi ne abin da yake yi a gidansa, ambaton suna da kame kai irin na mai iyali. Ba a ce ya hau kujera a wanke masa ƙafa ba. Iyakar aikinka, iyakar wa'azinka. Shi ya sa suke girmama Haridas, almajirin Caitanya, wanda aka ce yana ambaton suna 300,000 a kullum. Wani almajirin, Sanatana Goswami, ya ce masa wasu na aiki ba sa kira, wasu na kira ba sa aiki, kai ka haɗa biyun. Kuma Haridas bai taɓa neman kujera ba, ko ɗakin bautar Jagannath bai shiga ba saboda a gidan Musulmi aka haife shi, daga nesa yake hangen ƙololuwarsa.

Maman Khalil:
To Malam, mu bar ƙarni na 16 mu zo inda akwai takardun kotu. 'Yan Hare Kirishna ai jikokin Caitanya ne a wannan hanya. Prabhupada ya isa Amurka a 1965 yana ɗan shekara 69, a jirgin ruwan dakon kaya, ya kafa ƙungiyarsa a Niyok a 1966. Ba wanda ya kai shi tsaurara sharaɗi. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Ba abin sa maye, har shayi da kofi. Ba caca. Ba saduwa sai ta aure. Carbi mai ƙwaya 108 a zagaya shi sau 16 kullum, wato 1,728, kusan awa 2 kenan. Bautar asuba ƙarfe 4:30. Ya rasu a Nuwamban 1977, almajiransa 11 suka hau kujerar guru, suka raba duniya yanki-yanki. Kafin ƙarshen 1987, shida daga cikinsu an kore su ko sun sauka da kansu, wani kan ƙwaya, wani kan mata, wani kan abin da ya fi haka muni. Kirtanananda, mai babban sansaninsu na New Vrindaban a jihar West Virginia, an kore shi a 1987, a 1996 ya amsa laifi a kotun tarayya aka ɗaure shi. Ga kuma yaran makarantun kwanansu da aka ci zarafinsu, har suka kai ƙara a Dallas a 2000. Duk waɗannan mutanen suna fitowa da jakar carbi a wuya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, almajirai na tsaye suna yi masa fifita.

Alhaji Nima:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Mu nan Akra muna ganinsu ido da ido, ba a fim ba. Suna da wurin bauta a Medie, hanyar Nsawam, kuma akwai wani gidan Hindu daban a Odorkor wanda ɗan Gana, Swami Ghanananda, ya jagoranta daga 1975 har rasuwarsa a 2016. Akwai wani maƙwabcin shagona ɗan Hare Kirishna, baƙin mutum kamar ni. Shekara da shekaru ban taɓa ganin ya sha ko shayi ba. Hannunsa na dama kullum cikin 'yar jakar carbin nan, ɗan alinsa a waje ta wata 'yar ɓula, leɓe na motsi, in mai saye ya zo ya saki ya ba da canji ya koma. Bai taɓa ce mini in zo wurinsu ba. In na tambaya ya amsa, in ban tambaya ba sai gaisuwa. Hajiya, irin waɗannan ma suna nan, kada shida su shafe su.

Maman Khalil:
Alhaji, ban shafe su ba. Hasali ma maƙwabcinka hujjata ne. Shi ba wanda ke wanke masa ƙafa, kuma kai kana ganinsa daga safe zuwa dare, in ya sha shayi za ka sani. Matsalar tana farawa ne ran da mutum ya hau inda ba mai ganinsa sai wanda ke tsoronsa. Kuma a hanyar tasu akwai abin da ke rufe bakin almajiri. A cikin laifuffuka 10 da suke cewa suna ɓata ambaton suna, na farko shi ne sukar bayin Kirishna, na uku saɓa wa guru. Sannan a Gita babi na 9 baiti na 30 an ce ko mai mugun hali ne, in yana bauta da zuciya ɗaya a ɗauke shi mutumin kirki. Ka ba yaro ɗan shekara 20 waɗannan, ka ce ya tona asirin wanda ya sa masa suna?

Malam Na-Fagge:
Wannan gaskiya ce, ba zan kare ta ba. Sai dai a cika ta. Baitin da ke biye, na 31, cewa ya yi irin wannan mutum nan da nan zai gyaru, ba lasisin zama a kan laifi ba ne, kuma maganar mai bauta ake yi ba mai kujera ba. Sannan littafin ƙa'idojinsu na ibada ya ce guru da almajiri su zauna tare shekara guda kowa na jarraba kowa kafin a ƙulla. Akwai kuma baiti a littafinsu Mahabharata, wanda malaminsu Jiva Goswami ya kawo, cewa guru mai girman kai da bai san abin yi da abin bari ba, ya kauce hanya, a rabu da shi. Waɗanda suka tayar da gyara a 1987 almajiran Prabhupada ne 'yan'uwan waɗancan 11, da irin waɗannan hujjoji suka yi yaƙin. Zancen yaran ma, mujallar ƙungiyar ce da kanta ta buga binciken a 1998, shekarar da suka buɗe ofishin kare yara. An makara ƙwarai, yaran sun riga sun girma da tabonsu.

Dalilin faɗuwar kuwa a ganina ba ɓoyayye ba ne. Galibin mutanen nan samari ne 'yan wajen shekara 30, waɗanda shekara 10 baya ba su taɓa jin sunan Caitanya ba. Aka ɗora su a kujerar da ake ɗora tsoho ɗan 80. Wa'azinsu ya fi aikinsu girma nesa ba kusa ba, kuma ba mai iya ce musu sauko.

Anti Saratu:
Ni kuma akwai wanda ya tsaya mini a rai, ɗayan gefen tsananin. Ɗan Odisha, gaskiya ne akwai almajirin da Caitanya ya kora har ya kashe kansa?

Ɗan Odisha:
Gaskiya ne Anti, yana cikin tarihinsa da su suka rubuta. Haridas Ƙarami ake ce masa, mawaƙi ne, ba wancan na 300,000 ba. An aike shi ya roƙo shinkafa mai kyau wajen wata tsohuwa mai ibada, Madhavi, don a dafa wa Caitanya. Da Caitanya ya ji inda shinkafar ta fito, ya ce kada a sake barin Haridas ya zo gabansa, mai gudun duniya ba ya keɓewa da mace. Manyan almajirai suka roƙa, ya ce in an matsa masa shi zai bar garin. Bayan shekara guda Haridas ya tafi Prayag, mahaɗar Ganga da Yamuna, ya faɗa ruwa. Su suna karanta shi a matsayin darasi ga masu rigar gudun duniya, har suna cewa bayan abin sauran almajirai ko a mafarki ba sa magana da mace. Ni dai da na ji, jikina ya yi sanyi.

Ustaz Gombe:
To kun ga abin da nake faɗa. Ƙarami ya roƙo shinkafa wajen tsohuwa an kore shi har lahira, manya sun yi shekaru suna ɓarna ana yi musu fifita. In babu ƙofar tuba a fili ga wanda ya zame, kowa zai koyi ɓoye tukwane ne kawai.

Malam Na-Fagge:
Ustaz, tsakanin labaran biyu akwai shekara fiye da 400, kada mu haɗa su a tabarma ɗaya. Caitanya ya tsananta wa Haridas, amma abin da ya ɗora masa bai kai wanda ya ɗora wa kansa ba, shi da ke kwana a kan busasshen ɓawon ayaba ya ƙi katifar auduga. Kuma shi ɗin ne ya karɓi Jagai da Madhai, mashaya biyu 'yan ta'adda na Nabadwip, bayan ɗayansu ya fasa wa abokinsa Nityananda goshi da katangar tulu. Ga na waje ƙofa a buɗe take. Wanda ya sa rigar koyarwa ne ba ya yi wa sassauci. Ko hakan adalci ne ga yaro mawaƙi, ni ma ina da ja.

Alhaji Nima:
Gobe in Allah ya kai mu zan tambayi maƙwabcin nawa ko har yanzu ana yin zaman jarrabawar nan ta shekara guda kafin mutum ya karɓi guru, ko ta zama ta takarda.

Maman Khalil:
Alhaji don Allah ka ƙara masa da biyu. In almajiri ya ga gurunsa na abin da bai dace ba, wa yake kai wa ƙara, kuma mai karɓar ƙarar almajirin wane ne? Sannan shi kansa, in nasa gurun ne, zai kai?